Kakana da Ya Rasu Bai Janye Yaji Ba

Ranar sadakar ukun Kaka na gano cewa duk ƙasar Hausa babu garin da ya kai Haɗeja yawan masu azumin nafila. Kuma ranar Talata ce, ba Litinin ba, ba Alhamis ba.

Tun da sassafe aka ɗora tukwane. Abba ya sa aka kawo shinkafa daga kamfaninsa na casa, irin mai kyan nan da ba tsakuwa ba karyayya, aka yanka raguna, ƙamshi ya tashi har ina jin masunta a Guri sun shaƙa. Ni da ƙannena muke kai farantai soro, samari su karɓa su miƙa wa maza a ƙofar gida. Kafin in juya sai ga farantan sun dawo. A cike. Ko naman ba a gusar ba.

Goggo, ƙanwar Abba, ta tare ƙanena da ludayi a hannu.

"Kai, me ya faru? Gishiri ne ya yi yawa?"

"Sun ce azumi suke."

"Su wa?"

"Duk na gindin darbejiya."

Na leƙa ta ƙofar soro. 'Yan kasuwa da 'yan siyasa suna cikin rumfa a kan kujeru, suna ci suna cewa, "Ai an yi rashin jajirtacce," baki cike da nama. Amma a gindin darbejiya, a kan tabarmi, tsofaffin abokan aikin Kaka ne da ma'aikatan da aka sallama daga kamfanin Abba. Sun yi addu'a, sun shafa, sun naɗe hannu. Har da Baba Ma'aji, aminin Kaka, Kirista mutumin Filato da ya daɗe a Haɗeja har Hausarsa ta fi tawa. Na ɗauki faranti da kaina na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Sannu 'yata, Allah ya ba da lada. Yau ina azumi."

Goro ne a bakinsa. Yana taunawa.

Na ɗauko farantin na dawo. Ban taɓa sanin shinkafa tana da nauyi haka ba. Abba yana zaune yana karɓar gaisuwa, kansa a ƙasa, ya ga komai. A cikin gida mata suka daina kuka suka koma raɗa. Wata tsohuwa da ta zo daga Guri ita kaɗai ta ci gaba da kukanta, tana cewa, "Wa zai bi mana kadi kuma?"

Tun daga ranar, duk wanda ya ambaci Kaka a garin nan sai ya haɗa da farantan. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta mutumin a riƙe labarin shinkafa.

Kaka mahaifin Abba ne. Ya yi aiki a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya mai aikin noman rani, shi ke buɗe ƙofar ruwa ya rufe. Abokan aikinsa suka zaɓe shi shugaban ƙungiyar ma'aikata, kuma ko da ya yi ritaya tun kafin a haife ni, har ya rasu Ciyaman ake ce masa. Usur ɗinsa na kiran taro ba ya barin aljihunsa. Ni kuwa ya naɗa ni Sakatariya tun ban iya wanke hannu ba.

Kaka ba ya lissafin shekaru da damina ko da Sallah, da gwamnatoci yake yi. Idan ka tambaye shi yaushe aka haifi Goggo, sai ya ce, "Lokacin da soja suka rushe mana shugabanni suka ɗora mana nasu." Yaushe haƙorinsa ya fita? "Lokacin da farar hula suka ce shiga ƙungiya ganin dama ne." Duk ranar da aka rantsar da sabuwar gwamnati, gari yana ta ganguna da gudun babura, shi yana manne da rediyo.

Sai in ce, "Ciyaman, ba za ka fita murna ba?"

"Ku yi ta kallon shugaba. Ni jira nake in ji wa za a ba ma'aikatar ƙwadago."

Yakan ce shi aikinsa ne ya koya masa siyasa. "A can sama ake murɗa ƙofar ruwa, mu a Haɗeja sai dai mu wayi gari mu ga ko shinkafa ta sha, ko ɗaki ya rushe. Wanda ya murɗa bai ma san sunanmu ba. To haka dokar aiki take. Wani ya sa hannu a Abuja, wani ya rasa tuwo a nan."

Shi ya koya mana yajin aiki. Wata rana na kai masa ƙarar Goggo, ta tara mana wanke-wanke kamar na gidan biki. Ya busa usur, ya tara jikoki a gindin rumbu, ya ce mu zaɓi buƙata ɗaya tak, kada mu yi zagi, kada kowa ya je shi kaɗai. Muka zauna muka harɗe ƙafa. Goggo ta dube mu ta ce, "To, ba aiki ba abinci." Sannan ta ɗora kasko ta fara suyar tarwaɗa, tana fifita hayaƙin ta wajenmu. Ƙanena ne ya fara ballewa. Kafin kifin ya juya ɗaya gefen, ni kaina ina tsugune ina dirzar tukunya. Kaka ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Haka aka yi mana, wallahi haka aka yi mana! Sai dai mu ko kifin ba a soya ba."

Tsohuwar nan ta Guri kuwa, mijinta ya rasu ne yana aikin yankan kacala, ciyawar nan mai toshe ruwa, a bakin kogi a hannun wani ɗan kwangila, mutumin ya ce shi bai san da zamansa ba, lebura ne na yini. Kaka bai yi masa ihu ba. Bin sa ya dinga yi. A ɗaurin aure, a kasuwar kifi, a bakin masallaci, sai ya miƙa masa hannu cikin mutane ya ce, "Alhaji barka, ya iyalin marigayi?" Har mutumin ya koma sallar Juma'a a garin Malam Madori, ya ɗaga kai ya ga Kaka a sahun gabansa. Ƙarshe dai ya ɗauki ɗan matar aiki a gurbin uban.

Mutumin da ya yi wannan, akwai mutum ɗaya a duniya da bai iya yi wa magana ba. Abba ɗan farinsa ne. Ban taɓa jin Kaka ya kira sunansa ba, ban taɓa ganin ya dube shi ido da ido ba. Idan zai ambace shi sai ya ce "Manaja." Ni ma 'yar fari ce, don haka Abba bai taɓa kiran sunana ba, "Ke" nake. Gidanmu idan ka shigo sai ka rantse ba wanda aka raɗa wa suna.

A zamanin gwamnatin da ta rufe iyakoki, shinkafar gida ta yi daraja, kamfanin Abba ya bunƙasa. Ya ɗebi ma'aikata, ya ba su albashin wata, har suka kafa 'yar ƙungiyarsu. Kaka ba ya yabon ɗansa, amma duk Juma'a sai ya sa babbar riga ya tafi kamfanin, ya zauna a kan buhu ya ci abinci kwano ɗaya da Baba Mai Inji, dattijon da ya tayar da injin farko na wurin, wanda ya sha goya ni ina ƙarama. Idan ya dawo sai ya ce wa bango, "Wurin nan dai ba laifi." A wajen Kaka wannan kirari ne.

Sai gwamnati ta canza. Man fetur ya tashi, gas ɗin inji ya bi shi, shinkafar waje ta fara shigowa, sannan aka ƙara mafi ƙarancin albashi. Abba ya rame, hawan jini ya kama shi, wannan na gani da idona kuma ba zan ɓoye ba. Wani abokinsa ya nuna masa cewa dokar albashin ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su da yawa ba. Sai Abba ya bar kaɗan a matsayin ma'aikatan kamfani, sauran ya miƙa su ga ɗan kwangila. Kullum da safe su tsaya a bakin ƙofa, a zaɓi masu ƙarfi a yi aikin yini, a sallami sauran. Baba Mai Inji yana da furfura. Ba a zaɓarsa.

Ranar da Kaka ya ji, an kawo masa shinkafa da miyar taushe da rana. Abba ya shigo gaishe shi, ya tsuguna a gefe kamar kullum. Kaka ya juya fuska wajen rumbu.

"Sakatariya, tambayi Manaja, doka ce ta ce a fitar da su?"

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba, amma na juya na maimaita.

Abba ya ce, "Ke, gaya wa Baba doka ba ta hana ba."

"Gaya masa ban tambayi abin da ba ta hana ba."

"Ke, gaya wa Baba ni ma ba ni na kawo tsadar nan ba. Idan na rufe wurin gaba ɗaya fa, wa zai ci?"

"Gaya masa na sani. Gaya masa na ga ramarsa." Ni kuma wuyana har ya gaji da juyi. "Amma gaya masa gwamnatin da ta ba shi wannan ƙofar, gobe wata za ta zo ta toshe ta. Mutanen nan kuwa ba zaɓe ake yi a canza su ba. Su za su ɗauke ni."

Kaka ya sa yatsa ɗaya ya ture kwanon.

"Sakatariya, ki shaida. Daga yau na shiga yaji. Buƙata ɗaya ce."

Na ɗauka wasa ne irin namu na wanke-wanke. Ashe ba wasa ba ne. Tun daga damina har aka yi girbi aka gama, Kaka bai ƙara sa shinkafar kamfanin a bakinsa ba. Geron gonarsa Goggo take yi masa burabusko da tuwo. Ranar Sallah gida ya cika da shinkafa da kaji, shi yana gefe da tuwonsa da miyar kuka. Na gwada dabarar Goggo, na yi dafa-duka da bandar kifi, na zauna kusa da shi ina fifitawa.

"Ciyaman, loma ɗaya. Ba wanda zai sani."

"Ashe hukuma ta saye Sakatariya. Da me aka biya ki, da kan kifi?"

Yana dariya, amma na ga maƙogwaronsa ya motsa. Kaka yana son shinkafa kamar me. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ba ta ruwa.

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne, Kaka bai yi yajin nan da alfahari ba. Ya daina zuwa majalisarsu ta bakin kasuwa. Ya daina bin hanyar kamfanin, sai ya zagaya ta bayan makaranta da ciwon gwiwarsa. Wata safiya na raka shi asibiti a adaidaita, direban ya bi ta ƙofar kamfanin kafin mu ankara. Ma'aikatan suna nan a tsaye cikin rana, Baba Mai Inji a ƙarshen layi. Suka hango shi, suka ɗaga hannu.

"Ciyaman! Ciyaman!"

Kaka ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska. Bai sauke ba sai da muka wuce gada. Na so in yi masa tsiya irin tamu, na ga idonsa, na fasa.

Ya ce, "Na buga wa daraktoci tebur. Na tsaya gaban mai bindiga. Yau ga nawa a rana, kuma wanda ya tsayar da su ni na haife shi. Ba fin ƙarfina ya yi ba, Sakatariya. Bakina ne ba ya buɗuwa."

Ya rasu da hantsi, bayan gajeriyar jinya. Ma'aikatan nan su suka haƙa kabarin, su suka ɗauki makarar, ba su bar wa kowa ko gefe ba. Sannan ranar uku suka zo suka yi mana azumi.

A gidanmu idan tsoho ya cika da shekaru, ranar sadakar bakwai jikoki sukan yi wasa. Ɗaya ya sa kayan mamacin ya kwaikwaye shi, a yi dariya a share hawaye, 'ya'yan mamacin su ba da ɗan abin da za a fanshi kayan. Goggo ta ce wannan karon a bari, gidan ba daɗi. Tsofaffin mata suka ce ba a bari, haƙƙin jikoki ne. Kowa kuma ya san wace ce za ta sa rigar.

Na zura babbar rigar, ta ja ƙasa kamar zan share tsakar gida. Na kafa hular, na ɗauki sandar, na busa usur. Na yi tafiyarsa ta mai ciwon gwiwa, na manna rediyo a kunne ina cewa, "Shiru, shiru, za a faɗi ministoci!" Na tsaya gaban Goggo na ce, "Ke aka haifa lokacin soja, shi ya sa mulkinki ba tausayi." Mata suka kwashe da dariya, har da masu faɗuwa a kan tabarma. Aka kira Abba daga waje don ya fanshi kayan. Ya shigo yana ɗan murmushi, rabonsa da murmushi tun kafin rasuwar, ya sa hannu a aljihu.

Wallahi ban shirya ba. Rigar tana ƙamshin Kaka, turarensa da goronsa. Na tsaya a gaban Abba, na ɗaga kai na dube shi cikin ido, abin da ni ban taɓa yi ba, Kaka ma bai taɓa yi ba. Sai na ji muryar Kaka ta fito daga bakina, ta kira sunan Abba. Sunansa na yanka.

Ludayin Goggo ya faɗi.

Abba ya ce, "Na'am, Baba."

Bai san ya faɗa ba. Na ga lokacin da ya ji kansa.

Na ce, "Mayar da hannunka, ba kuɗi nake so ba. Shinkafarka ta fi ta kowa kyau a garin nan, na daɗe ina son in gaya maka. Yunwarta nake ji. Ka shigar da mutanen nan daga rana in ci."

Hannunsa yana cikin aljihu bai fito ba. Hawaye ya zubo masa har gemu, a gaban matansa da ƙannensa da surukai da maƙwabta. Ya juya ya fita.

Ni kuwa na yar da sandar na ruga ɗaki, na shige bayan katifa da rigar da komai. Da ƙasa tana da ƙofa da na buɗe na shiga na rufe. Ina jin Goggo tana salati tana cewa, "Yarinyar nan ta kashe mu. 'Yar fari! Sunan ubanta, gatsau!" Wata tsohuwa ta ce, "Ba ita ta kira ba, mai rigar ne." Goggo ta ce, "Mai rigar da ya yi shekara da shekaru bai kira ba?" Kafin la'asar labarin ya kai Jahun. Har yau idan na bi layinmu sai in ji ana cewa, "Ga ta nan."

Bayan kwanaki muka ga babu motar Abba a ƙofar gida, ya koma hawa babur. Sannan muka ji an sallami ɗan kwangilar. Ba duka suka dawo ba, wasu sun riga sun tafi Kano neman aiki, wasu sun koma kamun kifi a Guri. Amma Baba Mai Inji ya koma kan injinsa, da sauran dattawan. Yanzu dokar albashin ta hau kan Abba sosai, kullum yana cikin lissafi da shan magani, kuma ba wanda ya san abin da gwamnati mai zuwa za ta murɗo mana.

Ranar sadakar arba'in aka sake ɗora tukwane. Na ƙi fita, ta tagar soro na leƙa. Farantan gindin darbejiya suka dawo kamar an wanke su. Baba Ma'aji har ya aiko a ƙaro masa. Na ji ƙanena yana tsokanarsa.

"Baba, yau ba azumi?"

"An ga wata, yaro. Kawo miya."

Kowa ya yi dariya, ni ban iya ba. Abin da ke cina shi ne, maganar nan ba ta fi numfashi uku ba. Kaka ya yi ta ɗauke da ita a ciki har kabari, Abba yana tsugune a gefensa kullum safiya yana jiran ya ji ta, mu kuma muna tsakani muna kai kwano muna dawo da kwano. Gida guda, ba wanda ya iya buɗe baki sai da aka sa rigar mamaci. Loma ɗaya ta shinkafar ɗansa, da ransa, ba mu iya sama masa ba.

Da yamma, bayan mutane sun watse, ƙanena ya shigo da kwanon Kaka, wanda aka kife tun ranar da ya ture shi. Shinkafa ce da miyar taushe.

"Abba ya ce a kai wa Ciyaman. Ya ce a tambaye shi ko an janye."

Na leƙa. Abba yana tsugune a tsakar gida a inda ya saba tsugunawa, fuskarsa wajen rumbu.

Na shimfiɗa tabarmar Kaka, na zauna, na yi bisimilla. Shinkafar kuwa ba tsakuwa ba karyayya.

Na ce wa ƙanena, "Je ka gaya wa Manaja an janye."

Allah ya jiƙan Ciyaman, ya yafe masa, ya yafe mana shirun da muka yi. Allah ya shigar da shi inuwar da ba a tsayar da kowa a bakin ƙofarta.